Tambayoyin Masu Karatu: Lafiyar Ƙwaƙwalwar Jarirai da Matasa a Idon Ma'aikaciyar Jinya

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun fi karkata ga yara, wasu a kan jariran da ke hannu, wasu kuma a kan waɗanda suka fara tasawa. Na zaɓi shida daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunaye da duk abin da zai sa a gane masu rubutun. Amsoshin bayani ne na ma'aikaciyar jinya a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ba za su maye gurbin kai yaro asibiti a duba shi ido da ido ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, kuma an sanya mana darasi a kan lafiyar ƙwaƙwalwar jarirai. Abin ya ɗaure mini kai. Jaririn da bai iya magana ba, bai san fari ba balle baƙi, yaya za a ce yana da matsalar ƙwaƙwalwa, kuma me nas za ta duba a tattare da shi?

Amsa: Wa alaikis salam, ƙanwata. Ba ke kaɗai wannan darasi ya taɓa ɗaure wa kai ba, domin da zarar an ambaci ciwon ƙwaƙwalwa, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne babban mutum mai sambatu. Idan ana maganar yaro daga haihuwa zuwa shekara uku, abubuwa uku ake dubawa: shaƙuwarsa da mai rainonsa, yadda yake nuna jin daɗi ko ɓacin rai sannan ya huce idan an lallashe shi, da kuma sha'awarsa ta taɓa abubuwa da binciken abin da ke kewaye da shi. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da jariri zai samu sai ta hannun wani babba, shi ya sa a wannan fanni ba a duba shi shi kaɗai, sai tare da uwarsa ko wanda ya tsaya a matsayinta.

A ranar haihuwa girman ƙwaƙwalwar jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na ta babban mutum, amma kafin ya cika shekara uku takan kai kusan kashi 80 cikin 100. A tsawon wannan saurin girma, abin da ke faruwa da shi kullum shi ne ke tsara yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa za su haɗu da juna. Idan ya yi kuka aka zo, ya yi gwaranci aka amsa masa, ya yi murmushi aka mayar masa, to yana koyon cewa akwai mai kula da shi, kuma tsoro abu ne mai wucewa. Idan kuwa ya kira sau da yawa babu amsa, jikinsa yakan daɗe cikin zaman ɗar-ɗar, ko kuma ya daina kiran gaba ɗaya.

Wannan ilimi yana da tarihinsa. A shekarar 1951 likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan yaran da suka rasa gidajensu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya nuna cewa abinci da tsafta kaɗai ba sa isar yaro idan babu mutum guda da ya shaƙu da shi. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta zauna a Yuganda a 1954 da 1955 tana shiga gidaje tana kallon iyaye mata da jariransu, ta kuma lura cewa yaron da uwarsa ke saurin amsa masa shi ne ya fi samun ƙarfin halin rarrafawa nesa da ita, domin ya san zai dawo ya same ta. A 1975 Edward Tronick na Amurka ya gabatar da wani gwaji mai sauƙi: uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta tsuke fuska na 'yan mintoci ba tare da ta nuna komai ba. Nan da nan jaririn yakan fara murmushi da ɗaga hannu don ya jawo hankalinta, in ya kasa sai ya kau da kai, ya rikice, ya fashe da kuka. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma jariri ɗan wata uku ya riga ya iya wannan tambayar. Shaida mafi ƙarfi ta zo daga Romaniya, inda aka fara wani bincike a shekarar 2000 a kan yara 136 da ke gidajen marayu na Bukarest. An mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, kuma waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu su ne suka fi murmurewa ta fuskar basira da shaƙuwa.

A ɗakin duba marasa lafiya, nas takan fara da jiki: nauyi, tsotson nono, barci, ji da gani, ƙarancin jini da alamun tamowa, domin yaron da ba ya ji sosai ko yake fama da yunwa zai iya kama da mai matsalar shaƙuwa. Sannan ta koma kallon mutum biyun tare, yadda uwar ke riƙe shi, ko suna haɗa ido, ko yana juyawa wurinta idan baƙo ya matso, ko yana lafawa a jikinta bayan allura. Ni dai jaririn da ake yabo cewa ba ya kuka ko kaɗan, ba ya neman kowa, ya fi sa ni tsayawa in ƙara dubawa a kan mai yawan rigima. Kuka yakan ƙaru a makonnin farko, ya kai ƙololuwa wajen mako na shida, ya ragu a wata na uku zuwa na huɗu, kuma wannan ba ciwo ba ne. Abin da ya wajaba a faɗa wa duk mai raino shi ne kada a taɓa jijjiga jariri da ƙarfi saboda kuka, domin hakan na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ki kuma kiyaye ɗora wa uwa laifi, saboda wani binciken da Tronick ya yi ya nuna cewa ko uwa mafi kulawa takan saɓa da jaririnta sau da yawa a yini, kuma abin da ke gina yaron shi ne yadda suke sake daidaitawa bayan saɓanin.

Tambaya: Malama, matata ta haifi ɗanmu na fari wata biyu da suka wuce. Tun daga lokacin ba ta da walwala, tana kuka ba dalili, ba ta iya barci ko da yaron ya yi barci, kuma ta ce mini ba ta jin ƙaunarsa a ranta, tana ganin ba ta cancanci zama uwa ba. 'Yan uwa suna cewa shagwaɓa ce kuma za ta ware. Shin wannan zai shafi yaron?

Amsa: Malam, Allah ya raya, kuma ka yi daidai da ka ɗauki maganarta da muhimmanci, domin ba ƙaramar jarumta ba ce mace ta furta wa mijinta irin wannan magana. Abubuwa uku ne ke iya samun mai jego, kuma bai kamata a haɗa su wuri ɗaya ba. Na farko shi ne 'yar damuwar kwanakin farko, wadda ke zuwa wa mata da yawa wajen kwana na uku bayan haihuwa da saurin kuka da rashin natsuwa, ta kuma wuce da kanta kafin mako biyu. Na biyu shi ne ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda ke wuce mako biyu, ya ɗauke wa mace jin daɗin komai, ya hana ta barci, ya cika ta da zargin kanta. Abin da ka bayyana ya fi kama da wannan, kuma ciwo ne da ake warkewa daga gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusan kai kashi 20.

Na uku shi ne mafi haɗari, kodayake ba shi da yawa, mace ɗaya zuwa biyu cikin 1,000. Yakan zo farat ɗaya a makonni biyu na farko, mace ta rikice, ta riƙa jin muryoyi ko ganin abin da babu shi, ta kwana da yini ba barci ba tare da ta ji gajiya ba, ko ta yarda cewa jaririn ba nata ba ne. Duk wanda ya ga wannan, ko ya ji mai jego ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, ya kai ta asibiti a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da yaron kafin a isa.

Game da ɗanka, gaskiyar magana ita ce ciwon uwa yana iya taɓa shi idan aka bar shi ya daɗe, domin macen da damuwa ta danne ba ta da ƙarfin yi masa wasa da amsa masa, kuma bincike a ƙasashe irin su Indiya da Pakistan ya danganta ciwon da rashin ƙaruwar nauyin jarirai. Amma wata biyu lokaci ne da ake iya gyara komai. A asibiti nas za ta yi mata tambayoyi goma na ma'aunin Edinbara, wanda aka wallafa a 1987 kuma aka fassara zuwa harsuna masu yawa, sannan a gwada jininta, domin ƙarancin jini da matsalar ƙwayar tayirod da ke wuya suna kawo irin wannan kasala. Magani na farko ga mafi yawan mata shi ne zaman tattaunawa mai tsari. A yankin Rawalpindi na Pakistan an horar da mata ma'aikatan lafiya na karkara su riƙa yin irin wannan zama da masu ciki da masu jego, kuma sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa bayan wata shida kashi 23 cikin 100 ne kawai ke cikin ciwon, alhali a rukunin da ba a yi wa zaman ba kashi 53 ne. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki tsarin ta wallafa shi a 2015. Idan ciwon ya yi tsanani likita zai ƙara da ƙwaya, kuma akwai irin su sataralin da ake ba masu shayarwa, don haka ba lallai ne a yaye yaro ba.

Naka aikin a gida shi ne ka sama mata 'yan sa'o'i na barci a jere, ka riƙa ɗaukar yaron kana yi masa magana da wasa domin ya samu fuskar da za ta amsa masa, ka kuma tsaya tsakaninta da masu cewa shagwaɓa ce. Kai ma ka lura da kanka, saboda iyaye maza ma sukan faɗa cikin ciwon damuwa a shekarar farko, musamman idan matar na fama da shi.

Tambaya: Jikana ya cika shekara biyu amma ko kalma ɗaya ba ya faɗa, kuma idan an kira sunansa ba ya waiwayowa. Wasansa shi kaɗai yake yi, yana jera abubuwa a layi, in an taɓa su sai ya yi ta ihu. Wasu sun ce allurar rigakafi ce ta jawo, wasu sun ce mu jira, yara maza ba sa saurin magana.

Amsa: Mama, kada a jira. Matakin farko shi ne a gwada jinsa, domin yaro na iya jin ƙarar ƙofa amma ya kasa rarrabe sautin magana. Idan kunnensa lafiya yake, sai a kai shi wurin likitan yara don a duba girmansa gaba ɗaya. Abin da aka saba gani shi ne yaro ya fara waiwayowa ga sunansa kafin ya cika shekara, ya riƙa nuna abu da yatsa don a gani tare da shi kafin wata 18, ya faɗi kalmomi ɗai-ɗai wajen wata 16, ya kuma haɗa kalma biyu wajen shekara biyu. Rashin waɗannan, tare da rashin haɗa ido da nacewa a kan abu ɗaya, yana daga cikin alamun lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, kuma ana ƙiyasta tana samun kusan yaro ɗaya cikin 100 a duniya. Ba zan iya tabbatar miki da ita daga wasiƙa ba, amma abin da kika lissafa ya isa a nemi a duba shi.

Maganar rigakafi ta samo asali ne daga wata maƙala da aka buga a Birtaniya a 1998, wadda aka gano an yi maguɗi a cikinta, mujallar ta janye ta a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance ta. Bincike a kan dubban ɗaruruwan yara bai sami wata alaƙa tsakanin rigakafi da wannan lalura ba, don haka a ci gaba da yi masa allurarsa. Haka nan tsohon zargin cewa rashin ƙaunar uwa ke kawo ta an daɗe da yin watsi da shi, domin lalurar tana da tushe a gado da yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun a ciki. Babu ƙwayar da ke kawar da ita, amma koya wa iyaye yadda za su shiga wasan yaron, su bi abin da yake sha'awa, su riƙa ambaton sunan abin da ya riƙe, yana taimaka wa magana da mu'amala, kuma amfaninsa ya fi yawa idan an fara da wuri.

Tambaya: Malama, 'yata shekararta 15. A da tana cikin na gaba a aji, amma wata huɗu ke nan ta canza. Abu kaɗan sai faɗa, tana kulle kanta a ɗaki, kullum ciwon kai da ciwon ciki amma gwaji bai nuna komai ba. Na ƙwace wayarta na yi mata faɗa, abin ya ƙaru. Ƙanwarta ta ga tabon yanka a hannunta, kuma ta ji ta ce da ma ba a haife ta ba. Ina tsoron in tambaye ta kada in sa mata abin a rai.

Amsa: Malam, wannan wasiƙa ita ce mafi gaggawa a cikin na wannan fitowa, kuma shawarata ita ce ka kai ta asibiti a cikin kwanakin nan, ko a yau idan ta sake yin irin wannan furuci. Tsoron da kake ji na tambayarta tsoro ne da iyaye da ma wasu ma'aikatan lafiya suke da shi, amma bincike ya nuna cewa tambayar matashi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta dasa masa tunanin. Sau da yawa sauƙi take kawowa, domin yaron ya daɗe yana ɗauke da abin shi kaɗai.

Ciwon damuwa a jikin matashi ba ya yawan zuwa da kamannin da aka sani a manya. Maimakon kuka da tagumi, sai ka ga saurin fushi, janye jiki daga ƙawaye, faɗuwa a karatu, barci ya yi yawa ko ya ƙaurace, da ciwon kai da na ciki da ba a gano musababbinsu ba. Saboda haka ne ake yawan fassara shi da rashin kunya ko taurin kan balaga, a yi ta horo alhali ciwo ne. Ma'aunin da muke amfani da shi wajen rarrabewa shi ne tsawon lokaci da girman illa. Sauyin hali na balaga yana zuwa yana tafiya, yarinya ta yi fushi da safe da yamma ta koma cikin ƙawayenta tana dariya, amma idan sauyin ya wuce mako biyu a jere kuma ya taɓa karatu da zumunci da barci, to ya fita daga sahun balaga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14 ko wajen nan, sannan kashe kai yana cikin manyan abubuwan da ke hallaka masu shekara 15 zuwa 29.

Akwai dalili a halittar ƙwaƙwalwa da ya sa wannan zango yake da haɗari. Sashen da ke haifar da tsananin jin abu a rai yana nuna da wuri, amma sashen gaba da ke bayan goshi, mai auna sakamako da taka wa mutum birki, ba ya kammala nuna sai wajen shekara 25. Matashi yana iya jin baƙin ciki mai tsanani ya kuma aikata abu cikin 'yan mintoci kafin tunani ya riske shi. Wannan ne ya sa nisanta shi da abin da zai cutar da kansa yake ceton rai, domin lokacin tsananin yakan wuce. Ƙasar Siri Lanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafi guba, kuma an ƙiyasta cewa matakin ya ceci rayuka kusan 93,000 tsakanin 1995 da 2015. Saboda haka tun yau ka kwashe magungunan gida da na ƙwari da duk wani makami ka kulle su inda ba za ta kai ba, kuma a tabbatar akwai babba kusa da ita, ba tare da an mayar da abin gadi mai wulaƙanci ba.

Yankan da aka gani a hannunta ba kullum yake nufin niyyar mutuwa ba, domin matasa da yawa suna yi ne don rage zafin da suke ji a zuciya, amma yana ƙara haɗarin, kuma kuskure ne a kira shi neman suna. Idan za ka yi mata magana, ka zaɓi lokacin da babu kowa, ka fara da abin da ka gani, ka ce mata ka lura ba ta jin daɗi kuma hankalinka ya tashi, sannan ka yi shiru ka saurara. Kada ka yi mata gorin abin da ka kashe a kanta, kada kuma ka nemi ta yi maka rantsuwa. Idan ta fi sakewa da mahaifiyarta ko wata gwaggo, a bar su su fara. Wayar kuma ina ganin a mayar mata da ita bisa sharaɗin ba za ta kwana da ita ba, domin mai shekarunta yana buƙatar barcin sa'a 8 zuwa 10, amma yanke ta daga ƙawayenta gaba ɗaya zai ƙara mata kaɗaici. A asibiti za a so a gan ta ita kaɗai na ɗan lokaci, kuma kada ranka ya ɓaci, saboda sauyi irin wannan wani lokaci yana biyo bayan cin zali a makaranta, ko barazana a intanet, ko cin zarafin da yarinya ba za ta iya faɗa a gaban mahaifinta ba.

Tambaya: Likita ya rubuta wa ɗana mai shekara 16 ƙwayar fuloksetin saboda ciwon damuwa. Na karanta a takardar maganin cewa yana iya kawo tunanin kashe kai. In hana shi sha? Kuma ba zai zame masa jaraba ba?

Amsa: Hajiya, kada ki hana shi sha, kuma kada ki tsayar da shi ba tare da sanin likita ba. Gargaɗin gaskiya ne, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ce ta sa a rubuta shi a 2004, bayan nazarin gwaje-gwaje ya nuna cewa kusan kashi 4 cikin 100 na yaran da suka sha irin waɗannan magunguna sun samu tunanin cutar da kai, idan aka kwatanta da kashi 2 na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki, kodayake babu yaron da ya mutu a waɗannan gwaje-gwajen. Manufar gargaɗin ita ce a sa ido sosai a makonnin farko da duk lokacin da aka sauya yawan maganin. Idan kika ga ya kasa zama wuri ɗaya, ko barci ya ƙaurace masa, ko fushinsa ya ƙaru, ko ya fara maganar mutuwa, ki mayar da shi asibiti nan take. Fuloksetin shi ne maganin da aka fi samun shaidar amfaninsa ga matasa, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga sauyi, kuma ana ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan samun sauƙi don kada ciwon ya dawo. Ba ya bugarwa kuma ba ya sa mutum ya riƙa neman ƙari kamar kodin ko tiramol, sai dai idan lokacin dainawa ya yi, likita ne zai tsara yadda za a yi. Ki kuma tambaya a haɗa masa da zaman tattaunawa, domin ga matashi ba a so ƙwaya ta tsaya ita kaɗai.

Tambaya: Ni nas ce a ƙaramin asibiti inda babu likitan ƙwaƙwalwa. Matasa sukan faɗa mini sirrinsu, sannan iyaye su matsa sai na gaya musu abin da aka ce. Ina iyakar riƙe sirri, kuma me zan iya yi ni da ban ƙware a wannan fanni ba?

Amsa: 'Yar'uwa, halin da kike ciki shi ne halin mafi yawan duniya. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna cewa matsakaicin adadin ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa shi ne 13 ga kowane mutum 100,000, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa bai kai biyu ba, kuma ma'aikatan jinya su ne rukuni mafi girma a cikinsu. Saboda wannan giɓi ne hukumar ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, ta kuma fitar da littafin jagora ga ma'aikatan da ba ƙwararru ba, wanda a bugunsa na 2016 akwai babi a kan yara da matasa. Ana samunsa kyauta a intanet, kuma ya cancanci zama a kan teburinki. Hildegard Peplau, wadda ake ɗauka a matsayin uwar aikin jinyar ƙwaƙwalwa, ta kafa tun 1952 cewa dangantakar nas da mara lafiya ita kanta magani ce, don haka amanar da matasan nan ke ba ki kayan aiki ne da ya wajaba ki tsare.

Hanyar tsare ta ita ce ki faɗi ƙa'idar tun kafin a fara, a gaban yaron da iyayensa tare: abin da aka faɗa a ɗakin nan zai tsaya a nan, sai dai idan ransa na cikin haɗari, ko yana shirin cutar da wani, ko wani yana cin zarafinsa. Iyaye da yawa sukan natsu da jin haka, domin sun san za a kira su idan abin ya kai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ba yaro damar a saurari ra'ayinsa gwargwadon shekarunsa da hankalinsa, amma dokokin shekarun amincewa da magani da na kai rahoton cin zarafi sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ki san na inda kike aiki. Idan ta kama dole a fasa sirrin, ki fara sanar da yaron, ki ba shi zaɓi ko shi zai faɗa ko ke, kuma ki faɗi iya abin da ake buƙata don kare shi. Idan wanda ake zargi da cin zarafin yana cikin gidan, ba shi za a fara kira ba, sai a bi ta jami'an jin daɗin jama'a.

Wajen tambayoyi, ki fara da masu sauƙi, wato gida da makaranta da abokai da abin da yake yi a lokacin hutu, sannan ki gangara zuwa barci da cin abinci, shan ƙwaya ko tabar wiwi, soyayya, yanayin zuciya, daga ƙarshe tunanin cutar da kai. Ki tura shi babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba idan ya taɓa yunƙurin kashe kansa, ko yana jin muryoyi, ko ya daina cin abinci har ya rame, ko yana farfaɗiya, ko kuma an yi makonni ana bibiya babu sauƙi. Sauran kuwa ki rubuta abin da kika gani da kalmomin da yaron ya yi amfani da su, ki sa masa ranar dawowa cikin mako ɗaya ko biyu, kuma idan ranar ta zo bai bayyana ba ki neme shi ta lambar da suka bari.